Ɗiyan Fari na Dareta

Anka,
Satumba 2021.

Zuwa ga Yayata Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan wagga takarda ta iske ki lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura in kin daɗe tsaye? Ni lafiyata lau, sai kewarku. Tunda an kashe layukan waya mun koma zamanin da, sai takarda a hannun direba. Wagga mai motar Gummi na ba, in ya yar da ita tsakaninsa da Allah.

Kin aiko kina faɗa, wai mi ya zaunar da ni Anka a wanga yanayi. Karatu ne, Yaya. Kin san digirina na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, wanda Inna ke cewa karatun sasanta sarakuna. Jarrabawa duk na gama, saura kundin bincike. Jami'a ta ƙara mani lokaci karo na ƙarshe. In ban miƙa kundin ba za a goge sunana, shekarun da na yi ina zarya daga Bukkuyum su tashi a banza, koyarwar kwalejin da nake hange ita ma ta wuce ni. Bincikena a kan ƙungiyoyin agaji ne na ƙasashen waje, waɗanda sunka zo lokacin da gubar dalma ta kashe yara a Dareta da ƙauyukan kusa, sadda ake niƙan dutsen zinari a tsakar gidaje.

Ba a yin kundi sai da malami mai duba shi, kuma sai ya sa hannu sannan a karɓa. Nawa rabon shi ne Dakta Maiturare. Allah shi raba ki da ganinsa. Sau ɗaya ya je taro Turai, tun daga nan ko ruwa zai sha sai ya faɗi yadda ake shansa a can. Ofishinsa cike da littattafai, wasu ko ledarsu ba a cire ba. In kin shiga sai ki yi tsaye yana latsa waya, sai ya gaji ya ɗago ya tambaye ki sunanki, ni da na shekara ina kai masa babi. Bai taɓa taka Anka ba. Ya ce hanya ba ta da kyau, kuma gaskiyarsa, shi ya sa ya turo ni.

Abin takaicin, ya riga ya san abin da zan gano tun ban fito ba. A ganinsa baƙin nan sun zuzuta yawan yaran da sunka mutu don kuɗin tallafi su ƙaru, ƙasashensu kuma su sami ƙofar shigowa kan zinarinmu. Wannan magana yake son bugawa a mujalla don a ba shi Farfesa. Ni aikina in kawo masa alƙalumman da za su tallafe ta. Shi ya tsara tambayoyin da kansa, ya kafa doka biyu: uwa kaɗai za a tambaya yara nawa ta rasa, kuma wadda ba ta amsa ba a rubuta mata sifili. Na ce masa matanmu ba haka ake tambayarsu ba. Ya ce wannan kimiyya ce, ba hirar gidan biki ba.

Mutanen Dareta da yawa sun dawo cikin Anka saboda 'yan bindiga, don haka ban sha wahalar samun su ba. Akwai gidan da na fi zama, na wata tsohuwa da kowa ke kira Goggo, mai baki kamar reza, da matar ɗanta Nana. Nana ba ta da yawan magana, amma ba ta taɓa bari na fita ban sha fura ba. Da na yi mata tambayar sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɓarar wake. Na jira, na sake tambaya, ba ta ce uffan ba. Na rubuta sifili kamar yadda mai ilimi ya umurta. Irinta suna da yawa, wasu kuma su faɗi adadi su yi shiru kamar akwai saura. Na ɗauka baƙin ciki ne ke riƙe masu harshe.

Ki gaida Malam, ki ce ina neman addu'arsa. In kin sami mai zuwa Bukkuyum ki aika wa Inna cewa ina ci ina ƙoshi, don na san abin da za ta tambaya ke nan.

Ƙanwarki,
Lubabatu.


Bukkuyum,
Disamba 2021.

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Malam da yara. Na ji ƙafa ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. Na dawo gida, Inna na nan lafiya, tana gaida 'yar Gummi. Waya ta fara dawowa, amma abin da ke cikina ba na waya ba ne, sai na zauna na rubuta.

Na gane shirun matan nan, kuma na ji haushin kaina da ban gane tun ranar farko ba. Wata rana ina zaune gidan Goggo sai babban yaron Nana ya ɓarar da ruwan da ta jiƙa gero. Ta ɗaga murya ta kira shi Abdussalam, gatsau, ta yi masa tas. Nan take na farga. Wace uwa ce a ƙasarmu ke kiran ɗan farinta da suna a gaban surukarta? Ke shaida ce. Tun da anka haife ki Inna ba ta taɓa cewa Uwani ba, daga waccan sai 'yar Gummi. In baƙuwa ta tambaye ta ɗiyanta, daga kan ƙanenki Sufyanu take farawa, ke sai dai wani ya ƙara ki. To in Nana na kiran wanga yaro da sunansa, ba shi ne na fari ba.

Na bari Nana ta shiga ɗaki, na matsa kusa da Goggo na tambaye ta. Tsohuwa ta dube ni kamar ta ga wadda ta zo daga wata ƙasa. Ta ce akwai na gabansa mana, a ɗakinta ma yake kwana tun da anka yaye shi. Ya fara tafiya, ya fara kiran akuya, sai ga amai, sai sanƙarewa, kafin a kai shi wurin likitocin baƙi ya cika. Ta ce ranar da anka fita da shi Nana daka take yi, ba ta aje taɓarya ba, don kada a ce ta yi rashin kunya. Kuka sai ita Goggo ta yi, nata da na Nana.

Daga ranar na bar uwaye na koma bin kakanni. Gida bayan gida labarin ɗaya ne. Wadda ta ce mani ɗaya, kaka ta ce biyu. Wadda na ba sifili, kaka ta kira suna. Matan Dareta da yawa a lokacin suna kan haihuwar fari ko ta biyu, don haka gubar ta ɗebi ɗiyan fari ba kaɗan ba. Ba wadda ta yi mani ƙarya, Yaya. Alkunya ce, irin wadda anka raine mu da ita. Da na haɗa abin da kakanni sunka faɗa, sai ƙidayata ta matso kusa da ta baƙin da Dakta ke zargi.

Na rubuta sabon babi a kan wannan, na ɗauka har jami'a. Wallahi da murna na je, ina cewa ko dutse ne zai ji. Na iske shi ya riga ya karanta alƙalumman farko, yana ta annashuwa, ranar har sunana ya tuna. Na miƙa masa sabon babin. Ya duba shafi ɗaya ya ture shi da bayan biro kamar wanda anka aje wa abinci mai tsami. Ya ce kaka ba ta cikin waɗanda tsarin bincike ya amince a tambaya, maganarta ji-ta-ji-ta ce. Ya ce abin da bai fito daga bakin uwa ba, a wurinsa bai faru ba.

Na ce masa ai shi ma Bahaushe ne, ya san uwa ba za ta faɗa ba. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ce shi ya sa ba mu ci gaba, ana maganar dangantakar ƙasashe ina kawo masa al'adar tsakar gida. Kin ji mutumin da ke cewa yana kare mu daga rainin Turawa. Su dai baƙin da yake zagi sun shiga gidajen sun ga gawarwakin da idonsu. Shi daga kujerarsa mai juyawa ya tayar da yaran mutane, ya ce ba su mutu ba.

Na koma Anka kwashe kayana. Haushi ya sa na zauna na zazzage wa Goggo duka, har da cewa malamina ya ce sai daga bakin uwa. Ta yi tsaki, ta ce Allah shi shirye shi in mai shiryuwa ne. Nana na gefe tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Da zan tafi na yi wa Goggo alkawari jikanta zai shiga littafin nan ko Dakta na so ko ba ya so. Akwai zaman kare kundi a gaban malaman sashe, can zan kai maganar. Ba duka ne za su zama irinsa ba.

Ki taya ni da addu'a. Ki shafa mani kan auta.

Taki har kullum,
Lubabatu.


Bukkuyum,
Disamba 2022.

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya sanyi, ya hidimar yara? Ki yi haƙuri da ban ɗauki wayarki ba shekaranjiya, na san sakamako kike son ji. Na ci, Yaya. An karɓi kundina. Ki yi guɗarki, amma ki ƙarasa karantawa tukuna.

Kin san yajin aikin malamai ya cinye kusan shekarar nan. Da anka koma sai anka ce duk mai ƙarin lokaci irina ya kare kundinsa a wanga zango ko ya tafi gida. Dakta ya ƙi sa hannu matuƙar babin kakanni na ciki. Na yi dabara na kai masa ba babin, ya sa hannu, ranar zaman kuma na raba wa kowane malami babin a hannu.

Da kin ga zaman da kin yi dariya. Manyan riguna jere, kowa da lemo da soyayyar kaza a gabansa, ɗalibai ne ke kawowa. Rabinsu a wurin sunka fara buɗe kundin. Ɗaya ya ɓata lokaci a kan girman haruffan bango. Wani ya tambaye ni don mi ban ambaci littafinsa ba. Da na zo kan maganar ɗiyan fari sai ɗakin ya ɗauki dariya, irin ta jin daɗi. Shugaban sashe ya ce ai shi ma tsohuwarsa har ta rasu ba ta kira sunansa ba. Na kusa da shi ya ce tasa mai gari take ce masa. Sunka shiga ba juna labarin uwayensu, suna tafawa. Kowannensu ya san gaskiya na faɗa, Yaya. Da sunka gama nishaɗi sai shugaban ya share hawayen dariya ya ce abin sha'awa ne, amma a kai shi sashen Hausa, nan hulɗar ƙasa da ƙasa ake yi.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, Dakta Patricia, 'yar kudu, wadda ba ta taɓa jin al'adar ba sai ranar. Ta ce in haka ne ai duk alƙalumman farko sun rushe, kuma sakamakon kundin ya juye. Dakta Maiturare ya gyara hula ya ce baƙuwa ce, ba ta san mutanenmu ba. Shi da ya san su. Ba wanda ya goyi bayanta, don duk wanda ke wurin yana da takardar da ke jiran sa hannun wani a wurin.

Sunka fitar da ni, sunka dawo da ni. Hukunci shi ne na ci, da sharaɗin babin kakanni ba zai shiga ba, kuma babin ƙarshe ya tsaya yadda mai dubawa ya amince. In ina son bin hanyar kakanni sai in sake sabon tsari daga farko, lokacina kuwa ya ƙare. Suna kallona suna sakace haƙora.

Na amince. Kada ki ce mani komai. Na san akwai masu cewa da su ne da sun watsa masu takardun a fuska sun fito. Masu faɗin haka ba su taɓa hawa motar Bukkuyum da asuba suna karanta duk addu'ar da sunka sani a kowace kwana ba. Da na ƙi, Dakta zai buga alƙalummansa ko da ni ko ba ni, in tashi ba digiri ba gaskiya. Yanzu ko ba komai ina da ɗaya. In na shiga kwaleji na kafu, wata rana zan rubuta abin yadda yake da sunana ni kaɗai. Haka na faɗa wa kaina, kuma na ga maganar ta yi ma'ana.

An ɗaure kundin da baƙin bango da rubutun ruwan zinari, na miƙa. Dakta ya ce in fara tunanin digiri na uku, a ƙarƙashinsa. Na yi masa godiya har da rusunawa, na fito na tofar da yawu a gindin fulawar da ke ƙofar ofishinsa.

Inna na ta murna, tana faɗa wa maƙwabta na gama sasanta sarakuna. Ki gaida Malam da kyau, addu'arsa ta ci.

Ƙanwarki,
Lubabatu.


Bukkuyum,
Fabrairu 2023.

Yaya Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya, ke da Malam da yara. Mu nan lafiya lau. Takardar nan ke kaɗai za ki karanta.

Makon jiya wani direban Anka ya tsaya ƙofar gida ya ce ana nemana gidan Goggo. Tun da na baro su ban koma ba, ban kuma aika ba. Na ɗauka tsohuwa ce ba lafiya, ko ta ji labari za ta wanke ni. Na shirya amsoshina tun a mota, masu kyau, irin waɗanda na rubuto maki.

Na iske Goggo garau, tana rabon faɗa a tsakar gida. Ta ce ba ita ke kirana ba. Ta ɗauki buta ta kori yara waje, ita ma ta bi su ta ja ƙofar zaure. Sai ga Nana ta fito daga ɗaki da sabon zane, ta yi lulluɓi kamar mai zuwa gaban alƙali. Ta shimfiɗa mani tabarma a bayan ɗaki, wurin da ba mai ji. Mun gaisa, ta tambayi Inna, ta tambayi hanya. Sannan ta ce ta ji abin da na faɗa wa Goggo wancan karon, cewa malamina ba ya karɓa sai daga bakin uwa. Ta ce tun ranar take juya maganar. Ta yi niyya da azumi ta kasa, ta yi niyya lokacin girbi ta kasa. Ta ce in kunna abin ɗaukar maganar da nake kunna wa Goggo.

Yaya, a nan ya kamata in tsayar da ita. Bakina ya buɗe, na rantse maki. Amma matar da na sani ba ta haɗa ido da kowa ta zuba mani ido. Na ciro waya na kunna.

Ta faɗi sunanta da na ƙauyensu. Sai ta ce ita ta haife shi, shi ne na farinta, sunansa Muttaka. Sunan ya fito mata da ƙyar, kamar bakinta bai san hanyarsa ba. Ta sake faɗa don kada na'ura ta ƙi ɗauka. Ta ce yana da wushirya, yana tsoron zakara, kuma ita ta ba shi ruwan da ya sha na ƙarshe a ɓoye, Goggo ba ta gani ba. Ta ce a rubuta dalma ce ta kashe shi. Daga nan kuka ya zo mata, na shekara goma sha, ta cusa gefen lulluɓi a baki don kada a ji a zaure.

A kundin da ke ɗakin karatu na jami'a, mai sunana a bango, Nana na cikin matan da ba su rasa kowa ba. Da ita da irinta anka kafa hujjar cewa baƙi sun yi ƙari. Dakta ya riga ya tura wa mujalla, sunansa a gaba, nawa a baya. Na daɗe ina rubuto maki yadda na raina mutumin nan. Shi dai bai taɓa ganin fuskar Nana ba, bai sha furarta ba, bai yi wa kowa alkawari ba.

Da ta natsu ta share fuska, ta tambaye ni ko wannan ya isa malamin ya yarda, ko akwai abin da za ta ƙara. Na ce mata ya isa. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce yau za ta yi barci. Ta ƙulla mani gyaɗa a leda, ta rako ni har bakin zaure tana sa mani albarka, wai Allah shi ba ni ɗiya masu jin ƙaina yadda na ji ƙan nata. Na ce amin.

Ki gaida Malam da yara. Kada ki kira ni kwanan nan, ba zan iya magana ba.

Ƙanwarki,
Lubabatu.